Motar da Ke Satar Bolan

Ku samarin da kuka sayi injin walda bara, kuka kafa rumfa a hanyar tasha, kuka rubuta "ana ɗaga mota" da jan fenti, da ku nake. Na ji abin da ɗayanku ya faɗa wurin mai shayi, wai aikin garajinmu wasan yara ne, fitila da alli. Yau kwana tara ke nan da na fito daga motar Alhaji Mamman da rarrafe, kuma har yanzu in zan sha ruwa sai na riƙe kofin da hannu biyu. Don haka ku yi haƙuri da rubutuna, amma ku karanta shi har ƙarshe.

Sunana Habsu. A nan Arlit aka haife ni, iyayena mutanen Damagaram ne. Da na gama kolej ina zaune gida, sai maƙwabcinmu Baba Illa ya aiko wurin mahaifina. Baba Illa ya fi shekara ashirin yana gyaran ƙafafun motoci a garajin kamfanin ma'adinai kafin ya buɗe nasa. Yanar ido ta fara rufe masa gani, lambobin mita sun daina fito masa, yana neman mai karanta masa. Haka na shiga. Shekarar farko ban taɓa kule ba, sifana ke nan, sai in wankewa zan yi. Ina karanta lamba, ina wanke ƙusoshi cikin gazuwal, direbobi na yi mini ba'a: "Baba ya ɗauki sakatariya." Yau shekara bakwai, kuma duk motar da ta shigo da matsalar tuƙi ni ke shiga ƙarƙashinta.

Motar farko da ya sa na kwanta ƙarƙashinta kat-kat ce, mai ja da taya huɗu, ta wani mai kai kayan lambu. Ya kama hannuna ya ɗora a kan ƙarfen nan mai kauri da ke haɗa tayoyin gaba biyu, wanda muke kira pon. Daga nan ya nuna mini sanduna biyu da suka gitta daga hagu zuwa dama, kowace ta taso daga jikin mota ta gangaro zuwa pon. Ɗaya ita ke riƙe pon kada ya zame gefe. Ɗayar ita ke kai saƙon bolan, sitiyari ke nan, zuwa taya.

Ya ce, "Ga Hassana mai riƙo, ga Usaina mai kai saƙo. Tsawonsu kusan ɗaya, gangarensu ɗaya. In mota ta faɗa rami, tare suke sunkuyawa, tare suke miƙewa, taya na kallon gabanta. Ranar da wani ya raba musu gangare, ɗaya za ta tura, ɗaya za ta ja, taya ta juya da kanta alhali hannun direba bai motsa ba. Wannan shi ne satar bolan. Riƙe shi, ba zan sake faɗa ba."

Bai sake faɗa ba kuwa.

Abin da ke yaudararku shi ne igiya. Kuna ja ta daga tayar baya zuwa ta gaba, kuna gani ta miƙe, kuna cewa paralelisma, wato daidaiton tayoyi, ta yi. Ai mota a tsaye take! Ɓarawon ba ya fitowa sai mota na hawa da sauka. In kana son kama shi, sai ka ɗora jikin mota a kan kututture, ka cire taya, ka cire resor, ƙarfen nan mai lotsawa da ke ɗauke da nauyin mota, ka ɗaure bolan da madauri yadda ko kaɗan ba zai motsa ba. Sai ka ɗaure ƴar fitilar nan mai jan ɗigo a jikin ƙarfen da taya ke zama, tana haska gaba. Muna da allon katako biyu, ɗaya taku guda daga mota, ɗaya taku huɗu. Da kirik, wato jak, nake ɗaga pon, yatsa biyu-biyu. Kowane mataki in sa alli inda ɗigon ya sauka a allon kusa, in janye shi, in sa alli a na nesa. In pon gefe kawai ya ɗan gusa, alluna biyu za su nuna gushi iri ɗaya. In na nesa ya zarce na kusa, to tayar juyawa take yi. Rabin yini yake ci kafin ma a taɓa gyara. Wannan ne fitila da allin da kuke yi wa dariya.

Shekarar da aka rufe ramin ma'adinai na Akokan ita ce muguwar shekararmu. Motocin ma'aikata suka daina zuwa, rabin unguwarmu suka kwashe kaya suka yi kudu. Waɗanda suka rage suka juya wajen zinariya, duk mai ɗan abin hannu ya sayi pikap ta kai mutane da ruwa Tchibarakaten. Kowa na son motarsa ta yi tsayi, ta ɗauki kayan mota biyu kada cikinta ya taɓa yashi. Suka riƙa zuwa wurinmu, Baba ya ce kwana uku, su ce can wurin masu walda an ce kafin la'asar. Muka wuni muna kallon hanya, wata da watanni, har Baba ya koma ɗinkin tayar amalanke don kada a rufe ƙofa. Bai taɓa cewa kada a ɗaga mota ba. Cewa ya yi a ɗaga Hassana da Usaina tare.

Ranar Laraba ta makon jiya wata farar pikap mai kabin biyu ta shigo. Direban, Ghali, mutumin Ayar ne, dogo, marar yawan magana, Hausarsa ba ta raba namiji da mace, an san shi a tasha da sanin hanya. Ya sauko ya gaida Baba, ya juyo gare ni.

"Ƙanwata, paralelisma kawai. Ka ja igiya, in tafi. Juma'a bayan masallaci ina da lodi."

Na ja igiya, ta miƙe sarai. Amma lokacin da yake miƙo mini makulli na ga babban yatsansa na dama a naɗe da tsumma, na hagu kuma farcen ya yi baƙi. Bolan ne ke yi wa mutum haka in yana fizgewa.

Na ce, "Malam Ghali, tana jan ka?"

"Mota shi lafiya lau."

"Yatsan fa?"

"Ƙofa ne."

Na leƙa ƙasa. Ga aikinku nan, waldar ko fenti ba a shafa mata ba. An sa ƙarafa ƙarƙashin resor an ɗaga motar, pon ya karkata gefe, sai mai waldar ya yi dabara: ya ƙara wa mazaunin Hassana tsawo, ya sauko da shi yatsa huɗu, pon ya dawo tsakiya. Ga ido ya yi kyau. Hassana ta kwanta shimfiɗe, Usaina kuwa an bar ta a tsaye kamar tsani.

Kuma na san motar. Kowa a tasha ya san ta. Ita ce ta bar hanya a wani kori, busasshen rafi, wata shida da suka wuce, ta kife da direbanta na da, Sani, ƙugunsa ya karye. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Mai motar ya gyara jiki, ya sake fenti, ya ce hannun Sani ya yi sanyi. Tun ranar ba wanda ya sake ba shi makulli. Yana nan tasha da sanda, yana kiran fasinja ga motocin wasu.

To ku fahimci abin da ya sa Ghali ya ce ƙofa ce. A tasharmu direban da ya ce mota ta fi ƙarfinsa ya gama aiki. Ba a cewa mota ba ta da lafiya, cewa ake yi direba ya tsufa, ko tsoro ya shige shi. Shi ya sa suke shiru, suna kokawa da bolan kwana biyu cikin sahara da mutum goma sha a baya, su dawo su ce a ja musu igiya ko Allah zai sa a dace. Ku kuna walda, su suna rufa muku asiri da yatsunsu.

Na gaya wa Baba. Ya ce, "Cire resor." Ghali ya ce Alhaji zai yi faɗa. Baba ya ce, "In ya zo, ni zai yi wa."

Alhamis da hantsi Alhaji Mamman ya iso. Mutumin Tahoua ne, motoci uku gare shi a hanyar zinariya. Ya tarar da motarsa a kan kututture ba taya.

"Illa! Mi na gani haka? Igiya aka ce ku ja, kun kwance mani mota kamar akuyar layya!"

Na kawo masa alluna biyu. A na kusa ɗigogin sun hau kusan a miƙe. A na nesa sun kwanta dama, daga na ƙasa zuwa na sama ya kusa tsawon tafin hannuna. Na yi masa bayani yadda zan iya. Ko allon bai duba ba, Baba yake kallo.

"Garaji ukku sun ce lahiya lau. Kai ko ka bar ɗiya tana yi ma mota zane. Ghali, kai ka tuƙa ta. Tana jan ka?"

Ghali ya dubi ƙasa. "Lafiya lau, Alhaji."

Wallahi ban san lokacin da muryata ta hau ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, gobe mutum nawa za su hau bayanta?"

"Wanga ba ruwanki. Ku maida mani resor."

Baba ya ce, "Za a mayar. Amma ka san dokar gidan nan. Motar da muka taɓa ƙafarta ba ta fita sai an gwada ta da kaya a kan gargada, kuma wanda ya auna shi ke zama gaba. In ta tafi daidai, ɗauki abarka. In kana da shakka, shiga ka gani da idonka."

Alhaji ya yi dariya ya ce zai shiga, ko don ya ga ƙarshen zane.

Yanzu zan faɗi nawa laifin, don kada ku ce ku kaɗai nake zagi. Dokar Baba ita ce a ɗora gangunan ruwa cike, nauyin lodi. Ran nan famfo bai kawo ruwa ba, ruwan da muke da shi bai wuce cikin ganga shida ba. Ni kuwa ina son nauyin ya bazu ko'ina a bayan motar kamar na fasinja. Sai na raba shi cikin ganga goma sha biyu, rabi-rabi. Na ce a raina nauyi ai nauyi ne. Baba ba ya gani, ni kuma ban faɗa masa ba.

Muka fita bayan azahar, Ghali na tuƙi, ni a gefensa, Alhaji a kujerar baya yana mita wai yau a motarsa an mai da shi fasinja. Bayan gari akwai hanyar gargada da ke gangarawa cikin wani kori, hannun dama gaɓa ce mai zurfin tsayin mutum. Muka wuce ta. Motar ta tafi tamkar an ja mata layi.

"To, ɗiyata, ina ɓarawon?"

Ni ba hanya nake kallo ba, hannun Ghali nake kallo. Kafin kowane rami sai ya ɗan murɗa hagu, kafin ma motar ta motsa, sannan ya saki. Jijiyoyin hannunsa sun tashi. Ya haddace ciwon motar har yana riga ta. Ƙwarewarsa ce ke yi mini ƙarya.

Da muka juyo don sake bi, na ciro alli na ja layi a saman bolan, na ja wani a jikin mota daidai da shi. Na ce, "Malam Ghali, alli kan alli. Riƙe kawai, kada ka gyara mata."

Ya dube ni. Ya dubi Alhaji ta madubi.

Alhaji ya ce, "Yi mata abin da taka so, mu koma gida."

Laifina na biyu: ban ce ya rage gudu ba. Haushi ya cika ni, so nake Alhaji ya gani.

Muka gangaro. Gaban motar ya nutsa cikin ramin farko, sai kawai na ga gaɓar korin a gilashin gaba, inda hanya take ɗazu. Ba wanda ya juya komai, allin yana kan alli. Sannan ruwan ya iso. Na ji shi a bayana, ganga goma sha biyu sun watsa cikinsu gefe guda lokaci ɗaya. Ɓangaren Ghali ya tashi sama, kafaɗata ta bugi ƙofa, yashi ya taso kusa da fuskata ta taga. Alhaji na salati da ƙarfi. Ghali bai taka birki ba. Da ya taka, da ba ni ke wannan rubutu ba. Ya murɗa bolan ya bi gaɓar, ya sa hancin motar ƙasa, muka sauka cikin korin da tsalle, tayoyin da suka tashi suka dawo suka daki ƙasa. Ganga ɗaya ta tsinke igiya ta fasa gilashin baya, ruwa ya kwararo wa Alhaji a wuya.

Na buɗe ƙofa. Da rarrafe na yi nisa da motar.

Ruwa na ta zuba cikin yashi. Ghali ya zagayo, ya tsuguna gaban Alhaji, ya warware tsumman yatsansa. Yatsan ya kumbura, ya yi shuɗi.

"Alhaji, wata biyar ni da shi muna kokawa. Kowane rami. In na faɗa, ka ce hannuna ya yi sanyi."

Alhaji na zaune dirshan, babbar riga jiƙe, hula ta faɗi. Ya daɗe yana duban yatsan. Ya ce, a hankali, "Sani hwa?"



Da muka lallaɓo garaji Ghali ya ba Baba labari. Baba ya tashi, ya lalubi bayan motar, ya ƙwanƙwasa ganga ɗaya da ƙashin yatsa. Ya ƙwanƙwasa ta biyu.

"Habsu. Wa ya koya miki rabin ganga?"

"Ba kowa, Baba."

"Cikakkiya kaya ce. Rabi kuwa dabba ce, tana da nata nufin. Kin auna daidai, kin kusa kashe mutum uku. Gudu nawa?"

Na faɗa masa.

"Gwaji a hankali ake fara shi. Ba a gwaji da haushi." Ya juya wajen Alhaji. "Gobe ba ta tafiya."

Alhaji ya ce, "Ba ta tahiya."

Gyaran kwana biyu ya ci. Na yanke ƙarin da aka yi wa mazaunin Hassana, na mai da ita raminta na asali, na rage ƙarafan da aka cusa ƙarƙashin resor. Pon ya ɗan karkata, sai muka sa sandar riƙo mai zare, wadda ake iya ƙara mata tsawo, na juya ta har ya zauna tsakiya. Na ajiye allon nesa na farko gefe, na ɗora sabo, na auna, ban gamsu ba, na sake. Sau huɗu. Allin na karyewa, Baba na zaune yana cewa, "Karanta mini." A na huɗun ɗigogin allon nesa suka bi sawun na kusa, bambancin bai kai kaurin allin kansa ba.

Asabar da yamma aka cika ganga shida har baki. Dokar ba ta canza ba don ni. Na tsaya a ƙofar motar na kasa ɗaga ƙafa, har Ghali ya ce, "Ƙanwata, shiga, yau a hankali." Na shiga. Muka bi korin kamar masu rakiyar amarya, sannan da ɗan gudu, sannan da gudun tafiya, alli kan alli. Ta wuce miƙe. Ghali ya riƙa duban hannayensa kamar na aro.

Lahadi na ɗauki tsohon allon nesa, mai ɗigogin da suka kwanta, na kai tasha. Sani na kan benci wurin mai shayi, sandarsa a jingine, direbobi kewaye. Wani ya ce, "Ga sakatariya da allon makaranta." Ban kula shi ba. Na ajiye allon a cinyar Sani, na ce wannan motar Alhaji Mamman ce, bolan a ɗaure, ba hannun kowa a kai. Na nuna masa yadda take juyawa da kanta duk lokacin da ta nutsa.

Ya bi ɗigogin da yatsa, daga ƙasa zuwa sama. Ya sake bi.

"Dama take yi?"

"Dama."

"Dama ta yi da ni." Ya dafa allon. "Na faɗa musu. Wata shida ina faɗa, har na daina, har ni ma na fara cewa ko barci ne ya ɗauke ni."

Mai ba'ar ya sunkuyar da kai cikin kofinsa. Na miƙa hannu in karɓi allon, Sani ya riƙe.

"Bar mini shi, Habsu."

Ya sa mai shayi ya buga ƙusa, aka rataye shi a jikin rumfa, sama da tukunya. Na ji an ce Alhaji ya aika a kira Sani. Ban san me suka yi ba, kuma ƙugu dai ba ya komawa yadda yake.

Ku masu walda, ban ce ku bar sana'arku ba. Waldarku tana da kyau, na sha wuya kafin na yanke ta. Amma kun san motoci nawa kuka saukar wa mazauni tun bara? Ni ban sani ba, kuma shi ke hana ni sukuni. Suna can tsakanin nan da Tchibarakaten da mutane a baya. Ku zo ku koyi allon, rabin yini ne, Baba ba ya korar kowa. Ko ku aiko su.

Wasu ma ba su jira ku ba. Litinin da safe ina buɗe ƙofa na tarar da pikap biyu a layi. Direban farko ya sauko, ya waiga hagu da dama ko wani na kallonsa, hannunsa na dama cikin aljihu.

Ya ce, "Paralelisma kawai."

Na ce, "To. Fito da hannun in gani."